Tambaya: Bambancin shekaru ya isa a sanya wa shimfiɗar dutse sabon suna?

Ɗalibin Taswira ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu nazarin ƙasa da duwatsu. Ina da tambaya a kan ƙa'idar sanya suna ga duwatsun shimfiɗa, wato waɗanda suka samu daga taruwar yashi da laka da tsakuwa da ɓawon halittun ruwa, musamman a matakin da ake kira fomeshan, wato jikin dutse guda da ake ba suna a kuma zana shi a taswira.

A yankin da aka ba ni in zana taswirarsa domin aikin digiri na biyu, akwai dutsen farar ƙasa mai launin toka wanda kaurinsa bai wuce mita 8 ba. Yana kwance a kan dutsen laka mai falle-falle, wani dutsen lakar kuma ya rufe shi daga sama. Tsohuwar taswirar yankin ta sanya shi a cikin wani fomeshan da aka raɗa wa suna tun da daɗewa, a wani wuri da ke da nisan fiye da kilomita 100 daga inda nake aiki. A ido da kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma, dutsen da nake gani bai saɓa wa bayanin da aka yi na wancan wurin ba. Sai dai burbushin ƙananan halittun teku da aka fitar daga samfuran da na kai ɗakin gwaji sun nuna cewa nawa bai kai wancan tsufa ba.

Tambayata ta farko ita ce, shin wannan bambanci na shekaru ya isa hujjar da zan ce tsohuwar taswirar ta yi kuskure, in ba dutsen sabon suna? Ta biyu kuma, idan har ya isa, wace hanya ake bi suna ya zama karɓaɓɓe a wurin masana, kuma me ya sa kusan kullum sunan gari ko kogi ko tsauni ake ɗauka? Na gode.

Tsohon Mai Guduma ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Bambancin shekaru shi kaɗai ba ya haifar da sabon fomeshan, kuma wanda ya zana tsohuwar taswirar bai yi kuskure ba, muddin dutsen iri ɗaya ne kuma ana iya bin sawunsa daga can zuwa inda kake. Fomeshan jikin dutse ne da ake gane shi ta siffarsa, wato irin ma'adinan da ke cikinsa, da girman ƙwayoyinsa, da launinsa, da yadda shimfiɗunsa suka jeru, da kuma matsayinsa tsakanin abin da ke ƙarƙashinsa da abin da ke bisansa. Sharaɗi na biyu shi ne a iya zana iyakokinsa a kan taswira irin wadda aka saba aiki da ita a yankin, ko a iya bin sa a ƙarƙashin ƙasa daga rijiya zuwa rijiya. Shekarun dutse ba sa cikin waɗannan sharuɗɗa. Haka jagorar ƙasa da ƙasa ta tsarin shimfiɗun duwatsu ta tanada, wadda Hollis Hedberg ya shirya aka buga a 1976, Amos Salvador kuma ya fitar da bugu na biyu a 1994, haka nan ma dokar da masanan Arewacin Amurka suka fitar a 1983.

Ba don son rai aka yi wannan ƙa'ida ba. Dalili na farko na aiki ne: mutumin da ke tsaye a gaban dutse da guduma da madubi dole ne ya iya cewa wannan fomeshan kaza ne a nan take, ba sai ya jira sakamakon ɗakin gwaji ba. Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne ainihin abin da ka ci karo da shi. A lokaci guda teku yana ajiye yashi a bakin gaɓa, yana ajiye laka a inda ruwa ya fi zurfi da natsuwa, yana ajiye farar ƙasa a can inda lakar tudu ba ta kaiwa. Idan teku ya yi ta cin tudu sannu a hankali cikin ɗaruruwan dubban shekaru, waɗannan wurare uku duk suna matsawa tare da shi, sai a wayi gari an sami shimfiɗar yashi guda ɗaya mai faɗi, wadda gefenta na wajen teku ya girmi gefenta na wajen tudu. Shimfiɗa ɗaya ce babu yankewa, amma ba a rana ɗaya ta kwanta ba. Johannes Walther ya bayyana tushen wannan a 1894, inda ya nuna cewa duwatsun da muke gani a jere ɗaya bisa ɗaya ba tare da giɓi ba, a zamaninsu maƙwabtan juna ne gefe da gefe.

Misalin da aka fi koyarwa yana cikin babban kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona ta Amurka. A can akwai dutsen yashi na Tapeats a ƙasa, dutsen laka na Bright Angel a tsakiya, da dutsen farar ƙasa na Muav a sama, dukansu na zamanin Kambiriyan, kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. Levi Noble ne ya raɗa waɗannan sunaye a 1914. A 1945 Edwin McKee da Charles Resser suka bi burbushin wasu halittun teku masu ɓawo da ake kira tirailobait daga yamma zuwa gabas, suka ga cewa layukan zamani suna ƙetare iyakokin duwatsun a karkace, domin tekun daga yamma ya taso yana cin gabas. Dutsen Tapeats na gabas bai kai na yamma tsufa ba, amma babu wanda ya ce a raba shi gida biyu saboda haka.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wato inda ra'ayin masana kan shekarun dutse ya sauya baki ɗaya. Fomeshan na Tiourarén a jihar Agadez ta Nijar, inda Paul Sereno da abokan aikinsa suka haƙo ƙasusuwan dinoso Afrovenator da Jobaria, an daɗe ana ɗaukarsa na farkon zamanin Kiretashiyos. A 2009 Oliver Rauhut da Adriana López-Arbarello suka sake duba hujjojin suka ce ya fi dacewa da tsakiyar zamanin Jurasik, wanda ya gabaci Kiretashiyos, wato an ƙara masa tsufa da kimanin shekara miliyan 30. Sunan bai motsa ba, iyakokinsa a taswira ba su motsa ba, domin ba a kan shekaru aka kafa su ba tun farko. Da a kan shekaru aka kafa su, da duk taswirar da aka buga kafin 2009 ta zama abin zubarwa.

Abin lura ɗaya game da burbushin halittu: ana iya amfani da su wajen siffanta fomeshan idan su kansu ɓangare ne na jikin dutsen, kamar shimfiɗar da kusan dukanta ɓawon kawa ne da aka tara. A nan ana kallonsu ne a matsayin ƙwayoyin dutse. Amfani da su a matsayin agogo wani tsari ne dabam mai nasa sunaye da nasa ƙa'idoji. Abin da ka gano yana da daraja ƙwarai, domin yana iya nuna ta wace fuska tekun ya taso, kuma ni a ganina wannan ya fi sabon suna amfani ga wanda zai karanta aikinka.

Malama Mai Koyar da Tsarin Shimfiɗu ta amsa:

Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, don haka zan tsaya a kan tambaya ta biyu.

Sunan fomeshan yana da ɓangare biyu. Na farko sunan wuri ne tabbatacce da ke kusa da inda dutsen ya fi bayyana, kamar gari ko kogi ko tsauni, kuma an fi son wanda yake a kan taswirar da aka buga. Na biyu ko dai kalmar fomeshan ce, ko kuma sunan irin dutsen idan iri ɗaya ne ya rinjaya, kamar yadda ake cewa dutsen yashi na Bima, wanda J. D. Falconer ya ambata da sunan tsaunin Bima a 1911. A sama da fomeshan akwai rukuni, wanda yake haɗa biyu ko fiye masu alaƙa, a ƙasansa kuma akwai mamba, sannan shimfiɗa guda. Ba dole ba ne a rarraba kowane fomeshan zuwa mambobi, kuma ba dole ba ne a cusa kowanne a cikin rukuni.

Dalilin zaɓen sunan wuri shi ne sunan wuri ba ya da'awar komai game da dutsen. Duk sunan da aka gina a kan launi ko shekaru ko wata halitta yana ɗauke da hukunci, hukunci kuwa yana iya rushewa. A kwarin Sakkwato akwai dutsen laka mai ma'adinin jifsam da ƙasusuwan halittun teku, na ƙarshen zamanin Kiretashiyos, wanda tsofaffin rahotanni suke kira da sunan dabbar tekun nan Mosasaurus, saboda ƙasusuwan da W. E. Swinton ya bayyana a 1930 da sunan Mosasaurus nigeriensis. A 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka nuna cewa dabbar jinsi ce dabam, suka kira ta Goronyosaurus. Ka ga ke nan sunan dutsen ya rataya a kan dabbar da ita kanta ta sauya suna. Yau ana kiransa fomeshan na Dukamaje, da sunan ƙauyen da ke kusa da inda ya bayyana, kuma wannan suna babu wani sabon bincike a kan ƙasusuwa da zai taɓa shi. Haka nan dutsen farar ƙasa na Redwall a Grand Canyon, wanda sunansa yake nuni da ja, idan aka fasa shi toka-toka ne a ciki, jan kuwa rini ne da ruwan sama yake gangarowa da shi daga jajayen duwatsun da ke bisansa. An bar irin waɗannan tsofaffin sunaye ne saboda sun riga sun kafu, amma ba a son a ƙirƙiro sababbi irinsu.

Abu mafi muhimmanci a dukan wannan aiki shi ne wurin shaida, wato takamaiman wuri guda da mai raɗa suna zai nuna, inda aka auna shimfiɗun tun daga ƙasa har sama, aka bayyana su ɗaya bayan ɗaya, kuma inda kowa zai iya zuwa ya duba da idonsa. Gani ya kori ji. Idan masana biyu suka yi saɓani a kan ko wani dutse na fomeshan kaza ne, can za su koma. Tsofaffin sunaye da yawa an raɗa su babu wannan, sai daga baya aka gyara. Fomeshan na Morrison, wanda ya shahara da ƙasusuwan dinoso irin su Stegosaurus da Allosaurus da Apatosaurus, George Eldridge ya bayyana shi a 1896 da sunan garin Morrison na jihar Kolorado, amma sai a 1944 W. A. Waldschmidt da L. W. LeRoy suka gabatar da wurin shaida da aka auna sosai a wata yankar hanya kusa da garin. Kusan shekara 50 ke nan ana amfani da sunan kowa da inda yake sanya iyakarsa.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne yake da fifiko, ba a ture shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ba a ba jikin dutse biyu suna ɗaya. Idan garin ya sauya suna, ko ya tashi, ko ruwan madatsa ya cinye shi, sunan dutsen yana nan yadda yake, har da yadda aka fara rubuta shi. Sannan dole ne a buga shawarar sabon sunan a mujalla ko rahoton kimiyya da kowa zai iya samu, tare da bayyana niyya a fili, da tarihin sunayen da aka taɓa amfani da su, da bayanin iyakoki, da kauri, da faɗin yankin da dutsen ya mamaye, da shekarunsa gwargwadon abin da aka sani, da yadda yake da alaƙa da maƙwabtansa. Ka lura da kyau, ɗalibi, kundin digiri da ke ajiye a ɗakin karatu ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a matsayin bugu, haka ma taƙaitaccen bayanin taro da rahoton kamfani na cikin gida. Saboda haka ko da dutsenka ya cancanci suna, a cikin kundinka sai dai ka kira shi da laƙabi na wucin gadi, kamar sashe na A ko dutsen farar ƙasa na tsakiya. Ina ƙarfafa wannan ne domin na ga yadda sunayen da aka jefa a kundaye suke yawo daga hannu zuwa hannu, har a zo ana kafa hujja da su alhali babu wanda ya san inda aka auna su.

Injiniyan Rijiyoyi ya amsa:

Ranku ya daɗe, ban saɓa wa malamaina a kan ƙa'ida ba, amma ina so in ja hankali ga ɗaya gefen, kada ɗan'uwanmu ya tafi da fahimtar cewa riƙe tsohon suna shi ne daidai a kowane hali. Yawan sunaye matsala ce, amma tara duwatsu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya ma matsala ce, kuma mu da muke neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa mun fi jin zafin ta biyun.

Dutsen yashi na Nubiya shi ne babban misali. Joseph Russegger ya yi amfani da sunan a 1837, daga nan aka yi ta liƙa shi ga kusan duk wani dutsen yashi mai launin ƙasa-ƙasa marar burbushin halittu a Masar da Sudan da Libiya da maƙwabtansu, tun daga na zamanin Kambiriyan har zuwa na Kiretashiyos. Matsalar a nan ba ta shekaru kaɗai ba ce. A tsakanin waɗannan duwatsu akwai manyan giɓɓa inda zaizaya ta share tarihi mai tsawo, akwai kuma shimfiɗun laka na teku da suka raba yashin gida-gida. Da aka zauna aka auna su da kyau a kudu maso yammacin Masar, sai aka fitar da fomeshan dabam-dabam, irin su Six Hills da Abu Ballas da Sabaya da Maghrabi da Taref. Ga mai haƙa rijiya wannan rarrabewa ita ce aikin, domin yashi ne yake ba da ruwa, laka kuma ita take tsare shi. Tsohon sunan ya rage ne a kan babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa da Masar da Libiya da Sudan da Chadi suke tarayya a kansa.

Don haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya tabbatar da abin da Baba ya gindaya a matsayin sharaɗi, wato cewa ana iya bin sawun dutsen daga wurin shaida zuwa yankinsa. Kilomita 100 tazara ce babba. Yana yiwuwa shimfiɗa ɗaya ce da ta ƙetare zamani kamar Tapeats. Yana kuma yiwuwa shimfiɗu biyu ne masu kama da juna, ɗaya a bisa ɗaya, da dutsen laka a tsakaninsu, ta ƙasan ta sirance ta ɓace kafin ta iso yankinsa, ta saman kuma ba ta kai wurin shaida ba. Idan na biyun ne, to maganar ta sauya, domin matsayi a jeri yana cikin abin da ake gane fomeshan da shi. Bayanan rijiyoyin burtsatse da ke tsakanin wuraren biyu su ne za su raba gardama, idan akwai su kuma an rubuta su da kulawa.

Kwarin Sakkwato da Malama ta ambata yana da darasi a kan wannan. Fomeshan na Taloka da ke ƙarƙashin Dukamaje da na Wurno da ke bisansa sun yi kama ƙwarai, dukansu lallausan dutsen yashi ne mai saurin marmashewa da siraran shimfiɗun laka. Abin da ya raba su shi ne Dukamaje da ke tsakani. A inda Dukamaje ya sirance ya ɓace, raba Taloka da Wurno yana zama da wuya matuƙa, mai gaskiya kuma sai ya tsaya a sunan rukunin da ya haɗa su, wato rukunin Rima, ya yi shiru a kan abin da dutsen bai nuna masa ba.

Ɗalibin Taswira ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malama da Injiniya. Na fahimci cewa aikin da ke gabana shi ne in tabbatar ko shimfiɗa ɗaya ce ko biyu, kuma zan nemi bayanan rijiyoyin da ke tsakani. Saura abu guda. Iyakar ƙasa ta dutsen ba a yanke take ba: dutsen lakar yana fara samun siraran shimfiɗun farar ƙasa jefi-jefi, suna ƙaruwa suna kauri cikin kimanin mita 3, kafin farar ƙasar ta rinjaya. A ina zan sanya iyaka, kuma me ya kamata bayanin shimfiɗun ya ƙunsa domin ya zama abin dogaro?

Malama Mai Koyar da Tsarin Shimfiɗu ta sake amsawa:

Kafin ka yanke komai, ka koma ga bayanin wanda ya raɗa sunan ka ga inda shi ya sanya iyakar a wurin shaida, domin idan ya faɗa, bin sa ya zama wajibi a kanka ko da kai za ka fi son wani wurin. Idan bai faɗa ba, to zaɓi ya rage gare ka, kuma hanyoyin da aka saba bi biyu ne. Wasu suna sanya iyaka a gindin shimfiɗar farar ƙasa ta farko mai ɗorewa, wadda ake iya samunta a kowane wuri da dutsen ya bayyana. Wasu kuma suna sanya ta a inda farar ƙasa ta fara fin laka yawa. Ni na fi karkata ga ta farko idan akwai shimfiɗar da ta fita dabam, saboda wani zai iya ɗora yatsa a kanta, ita kuwa ta biyun tana dogara ga ƙiyasin ido, idanu kuma ba sa zama ɗaya. Kowacce ka ɗauka, ka rubuta ta a fili tare da dalilinka, ka kuma yi amfani da ita a duk faɗin taswirar ba tare da sauyi ba. Akwai hanya ta uku, wato a ware mita 3 ɗin nan a matsayin sashen sauyi mai zaman kansa, amma ba na ba da shawararta sai idan yana da faɗin da za a iya zana shi.

Batun zanawa yana buƙatar ɗan lissafi. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, milimita 1 a takarda mita 50 ce a ƙasa. Shimfiɗa mai kaurin mita 8 da take tsaye a miƙe ba za ta fi siririn layi ba, amma idan a kwance take a fili marar gangara sosai, tana iya mamaye ɗaruruwan mitoci a sarari. Shi ya sa ƙa'ida ba ta yanke wani kauri da fomeshan zai kai ba, akwai wanda bai kai mita 1 ba, akwai mai dubban mitoci.

Game da bayani, ka fara daga ƙasa ka yi sama, kamar yadda shimfiɗun suka kwanta, bisa ƙa'idar da Nicolas Steno ya bayyana tun 1669 cewa ta ƙasa ta girmi ta sama idan ba a birkice su ba. Kaurin da ake nema shi ne wanda aka auna a tsaye daga gindin shimfiɗa zuwa samanta, ba tsawon da ka taka a ƙasa ba. Idan shimfiɗu sun karkata da digiri 30, ka yi tafiyar mita 100 a shimfiɗaɗɗen fili kana ƙetare su kai tsaye, kaurin gaskiya mita 50 ne kawai. Wannan kuskure ya ɓata ma'aunai da yawa, don haka ka riƙa ɗaukar karkatar da kamfas a kai a kai, ka yi amfani da sandar awo mai tsawon mita 1.5 idan gangara ta yi yawa.

A kowace shimfiɗa ka fasa dutsen ka rubuta launi biyu, na ciki da na waje da rana da ruwa suka taɓa, kuma ka gwada da jadawalin launuka na Munsell domin kalmomi irin su ja-ja ko ƙasa-ƙasa ba sa nufin abu ɗaya ga mutum biyu. Girman ƙwayoyi ka bi ma'aunin da Chester Wentworth ya buga a 1922: abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, daga milimita 2 zuwa 0.0625 yashi ne, daga nan zuwa kimanin 0.004 lallausar ƙasa ce, abin da ya gaza haka yumɓu ne. Biyun ƙarshe ido ba ya raba su, amma haƙori yana rabawa, domin lallausar ƙasa tana ƙaras-ƙaras, yumɓu kuwa santsi ne. Ka ɗiga ruwan asid na haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100: farar ƙasa ta ma'adinin kalsait tana tafasa nan take, dolomait kuwa, wani ma'adini mai kama da shi, ba ya yin kumfa sosai sai an kankare shi ya zama gari. Tun da dutsenka na farar ƙasa ne, ka siffanta shi da tsarin da Robert Dunham ya fitar a 1962, wanda yake tambaya ko ƙwayoyin suna jingine da juna ne ko suna iyo a cikin laka, domin amsar tana nuna ƙarfin motsin ruwan da suka kwanta a ciki. Ka rubuta kaurin kowace shimfiɗa, da ko iyakarta a yanke take ko a hankali ta sauya ko zaizaya ta ci ta, da alamun igiyar ruwa, da shimfiɗu masu gicciye, da ramukan da halittu suka haƙa, da tsagewar laka ta bushewa. Inda ƙasa ko ciyawa ta rufe dutsen, ka rubuta cewa a rufe yake, ka faɗi tsawon wurin, kada ka cike shi da zato.

Abin da nake yawan gyarawa a ayyukan ɗalibai shi ne cakuɗa gani da fassara. Idan ka rubuta cewa wannan dutsen bakin teku ne, ka faɗi ra'ayinka ne, mai karatu kuma ba shi da hanyar auna shi. Idan ka rubuta cewa dutsen farar ƙasa ne mai launin toka, shimfiɗunsa masu kaurin santimita 20 zuwa 40, cike da fasassun ɓawo masu jingine da juna, to ko bayan ra'ayin masana ya sauya a kan yadda ya samu, bayaninka yana nan da amfaninsa. Ka ware fassara a nata babin.

Daga ƙarshe, ka je wurin shaida na asali da kanka ka auna shi da hannunka da irin ma'aunin da ka yi amfani da shi a yankinka, domin kwatanta abin da ka gani da abin da wani ya rubuta shekaru masu yawa da suka wuce ba ya wadatarwa. Idan ka tarar wurin ya lalace, kamar yadda yake faruwa ga wuraren shaida da ke cikin mahaƙar dutse irin ta Kalambaina da ke kusa da Sakkwato, inda fuskar dutsen take ja da baya kullum saboda ana ɗibarsa domin yin siminti, ka rubuta halin da ka same shi. Idan kuma yankar da ka auna a yankinka ta fi bayyana iyakar ƙasan da kyau, kana iya gabatar da ita a mujalla a matsayin ƙarin wurin shaida na tsohon sunan, tare da lambobin wurin daga na'urar GPS, da hotuna masu ma'auni a ciki, da lambar kowane samfuri da inda aka ajiye shi.